'Yan Bindigar Da Na Sani: Gasar Harbi A Wani Ƙauyen Kagarko

Gabatarwa

Duk wanda ke sauraron labarai a gidajen rediyon Hausa a wannan zamani, da wuya gari ya waye rana ta faɗi bai ji an ambaci 'yan bindiga ba. Yau an tare hanya, gobe an kora shanu, jibi an kwashe mutane an yi daji da su. Kalmar ta yi ƙaurin suna, har ta kai yaron da aka haifa a 'yan shekarun nan bai san tana da wata ma'ana ba ban da ta ɓarayin daji. Ni kuwa na tashi a wani ƙauye da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko, a kudancin Jihar Kaduna, inda a lokacin ƙuruciyarmu idan aka ce 'yan bindiga sun fito, mu yara rige-rige muke yi mu je kallo.

Ni ɗan ƙabilar Koro ne, saboda haka Hausa ba ita na sha a nono ba. Na tsince ta a kasuwa da makaranta kamar sauran tsararrakina, amma wurin da na fara jin daɗinta a kunne shi ne filin da maharban ƙauyenmu da tsofaffin sojoji suke taruwa sau ɗaya a shekara su gwada iya harbi. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wannan gasa, da tsohuwar bindigar soja da ake yawan ambato a wurin ko da yake babu mai ita, da kalmomin da na kwaso daga can, da kuma dalilin da ya sa aka daina yin ta.

Kaka Da Bindigarsa Ta Boma

Kakana na wajen uba yana cikin samarin da Turawan mulkin mallaka suka ɗiba aikin soja a shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. A wannan shekara ce Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 daga cikin sojojin Afirka ta Yamma, wato na Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. An kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan aka shigar da su dazukan ƙasar Boma, wadda yanzu ake kira Myanmar, suka gwabza da sojojin Japan a 1944 da 1945. Wanda yake son ya ga sawun wannan yaƙi ba sai ya yi nisa ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna sunayen wurare ne na Boma, haka ma barikin Chindit da ke Zariya ya samo sunansa ne daga wata runduna ta musamman da ta yi yaƙi a can, wadda bataliyoyin Nijeriya suka kasance a cikinta.

Kaka ya tafi bai iya Hausa ba, ya dawo a 1946 da ita a bakinsa. Dalili kuwa shi ne, tun zamanin da Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce harshen da sojojin Arewa masu harsuna daban-daban suke fahimtar juna da shi. Irin Hausar da ya koyo ita ce malamanmu ke kira Barikanci. Ba ruwanta da jinsi, domin har ya bar duniya Kaka "matata ya zo" yake cewa, kuma duk wanda ya yi masa gyara sai ya ce da wannan Hausar ya je Boma ya dawo, ba a taɓa ce masa ba a gane ba.

Bindigar da aka ba shi ita ce Lee-Enfield, wadda shi yake kira "tiri-no-tiri", saboda kaurin harsashinta .303 ne na inci. Sojojin Ingila sun fara riƙe ta a 1895, kuma sunanta haɗi ne na sunan James Paris Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarinta, da na garin Enfield inda masana'antarta take. Nauyinta wajen kilo 4 ne, tana cin harsashi 10. Ba ta sarrafa kanta, sai mai harbi ya ja wata 'yar sakata ya mayar bayan kowane harbi, amma duk da haka tana da sauri, don kuwa kafin Yaƙin Duniya na Farko akan gwada sojan Ingila da harsashi 15 cikin minti ɗaya a kan allon da ke nisan yadi 300. Wani samfurinta da ya fito daga baya shi ne wanda sojoji da 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, aka fi saninsa da Mark 4.

Ranar da aka sallami Kaka ya mayar da bindigar, kamar yadda kowane soja ya yi. Abin da ya zo gida da shi lambobin yabo ne da wani usur da kuma labarin bindigar. Yakan ɗauki sandarsa ya kafa a kafaɗa, ya nuna mini yadda ake jan sakatar da hannun dama ba tare da an ɗauke ido daga saiti ba. Wata rana na tambaye shi, na ce, "Kaka, me ya sa ba ka ɓoyo ta ka zo da ita ba?" Sai ya ce, "Abokina, wannan ba bindigar gida ba ne. Wanda ya kwana da shi a ɗaki, wata rana shi da ɗan'uwansa zai yi faɗa a kan iyakar gona." Dokar ƙasa ma haka ta tanada. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma bindigar soja mai harsashi .303 tana cikinsu da sunanta. Akwai na farauta irin na Turawa, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da wannan kashi na uku ake gasar ƙauyenmu.

Yadda Ake Gasar

Mutanen yankinmu manoman citta ne, kamar maƙwabtanmu na Kaciya da Jaba. Idan kaka ta yi, an haƙe citta an tsaga an shanya, hannu ya ɗan sami kuɗi, sai maharba su fara shirin shiga daji. Kafin a fara farauta kowa yana so ya gwada bindigarsa da ta kwana biyu a rataye, ya ga ko tsatsa ta ci ta, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gwaji shi ne ya rikiɗe ya zama gasa. Babu takardar gayyata, babu kuɗin shiga. Sarkin Baka, wato shugaban maharba, shi ke tsayar da rana, galibi a tsakanin ƙarshen Disamba da farkon Janairu, sai labari ya bi kasuwanni. Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, Kirista da Musulmi, duk sukan zo. Da yake kowa da harshensa, Hausa ce ake magana da ita daga farko har ƙarshe.

Filin yana bayan gari, a gindin wani dutse, domin duk harsashin da ya kuskure ya ƙare a jikin dutsen. Abin da ake harbi tsohuwar ƙwarya ce da aka zana wa da'ira da gawayi, a kafa ta a kan kututture. Akan fara daga taki 30, wanda ya samu ya wuce zuwa 40, sannan 50. Daga nan sai a sauke ƙwarya a ɗora gwangwanin madara. Kowa harbi uku yake da shi. Wanda ya zo na ɗaya ya tafi da zakara, na biyu ya sami ƙwaryar goro, wanda kuwa bai sami komai ba sai ya sha tsiya har wata shekara. Idan harsashin mutum ya ɗan goge gefen ƙwarya, akan yi masa ta'aziyya da cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure.

A shekarun da na yi wayo, wato daga 2008 zuwa 2011, Kaka ya tsufa ƙwarai, hannunsa yana rawa, ya daina harbi. Aikinsa shi ne alƙalanci. Akan ajiye masa kujera a gindin ɗorawa, ya rataya lambobinsa da usur ɗinsa, kowa yana ce masa Baba Soja. Shi ne ya shigo da tsarin bariki cikin abin da a da hayaniya ce kawai. Ba a ɗura bindiga sai an zo kan layi. Bakin bindiga ƙasa yake kallo ko sama. Babu mai zuwa duba ƙwarya sai an busa usur sau biyu. Wanda ya sha burkutu ranar nan kallo ne nasa, ko da ɗan Sarkin Baka ne. Mu yara kuma iyakarmu inuwar ɗorawa, duk wanda ya ƙetare ta ya sha bulala. Na taɓa ganin Kaka ya kori wani gawurtaccen maharbi daga fili saboda ya juyo yana dariya da bindiga a hannu, bakinta ya gitta ta kan mutane. Mutumin ya ce, "Baba Soja, wallahi babu komai a cikinta." Kaka ya ce, "Duk wanda na gani an binne a bariki, bindigar da ba komai ne ya kashe shi." Haka ya tafi gida bai yi harbi ko ɗaya ba, Sarkin Baka kuma bai sa baki ba.

Wannan tsanani yana da dalili. Bindigar gargajiya ƙirar maƙera ce, kuma idan aka cika mata albarushi takan fashe a hannun mai ita. A cikin masu zuwa gasar akwai wani dattijo da yatsunsa biyu na hagu suka tafi ta haka, shi ne Kaka yake nuna wa samarin da ke son su ji bindigarsu ta fi ta kowa ƙara.

Abin da ya fi ƙayatar da 'yan kallo shi ne hamayyar da ke tsakanin maharba da mazan jiya. Ban da Kaka, muna da tsofaffin sojoji uku da suka yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ciki har da baffana, wanda ya sami horo a Zariya ya fara da Mark 4. Su sojoji sukan durƙusa da gwiwa ɗaya, su kanne ido, su riƙe numfashi, komai bisa ƙa'ida. Maharba kuwa a tsaye suke yi, ido biyu a buɗe. Abin mamaki, maharba ne suka fi cin zakara. Da na tambayi Baffa dalili, sai ya ce a cikin bututun bindigar soja akwai wasu zane-zane a murɗe da ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa yake tafiya a miƙe zuwa nesa, kuma duk bindigogin ƙira ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya iya saura. Cikin bindigar gargajiya kuwa sumul yake, kowace da halinta: wata tana karkata hagu, wata sai an ja kunama ta ɗan yi jinkiri kafin ta tashi. Maharbin da ya shekara ashirin da tasa ya san duk wannan, soja kuwa aro ya yi da safe. Duk lokacin da aka kayar da Baffa sai ya ce, "Baba, da za a ba mu Mark 4 da ko gwangwani ɗaya ba zai kwana ba." Kaka kuma ya ce, "Da tiri-no-tiri ne, daga kan dutsen can zan huda shi." Sai maharba su fashe da dariya, su ce ai gani ya kori ji.

Kalmomin Da Na Tsinta A Filin

Sai da na shigo jami'a muka yi darasin kalmomin aro, sannan na gane cewa a wannan fili an shimfiɗa mini tarihin hulɗar Hausawa da wasu al'ummu ba tare da na lura ba. Manyan kalmomi uku na wannan fage duk daga Larabci suke: bindiga daga "bunduƙiyya", albarushi daga "al-barud", harsashi kuma daga "ar-rasas", wato darma. Wannan ya dace da abin da tarihi ya nuna, domin tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno yana da masu harbi da bindiga da Turkawa suka horar, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. Daga baya wasu bindigogin suka riƙa shigowa ta bakin teku, daga hannun 'yan kasuwar Turai, ciki har da mutanen Denmark, waɗanda har yau Turancin Afirka ta Yamma yake kiran bindigar gargajiya da sunansu. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara. Shekaru 13 bayan haka, a 1903, aka ga sakamakon wannan bambanci a Kano da Sakkwato da Burmi.

Kashi na biyu aro ne daga Turanci, kuma ta bakin mutane irin su Kaka suka bazu: soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti, saiti. Kowace an sassaƙe ta ta dace da tsarin gaɓar Hausa, har mai magana ba ya jin baƙuwa ce.

Kashi na uku, wanda ya fi burge ni, shi ne wanda Bahaushe ya ƙera da kansa. Ya dubi ɗan ƙarfen da ake ja, ya ga ya lanƙwashe kuma harbi ne aikinsa, sai ya ce kunama. Ya ba bindiga baki da gindi kamar mai rai, ya ara mata ƙota daga fartanya. Wadda ke zuba harsashi a jere ya ce mata mai jigida. Ita kanta bindigar gargajiya na ji an kira ta adaka, da baushe, da bindigar toka, da kuma harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe harɗaɗɗen suna ne irin su faɗi-ka-mutu da dafa-duka, kuma ya bayyana halinta sarai: harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗura ta an ɗauki lokaci, saboda haka idan ka kuskure ɓauna ƙafarka ce za ta cece ka.

Yadda Wasu Ƙasashe Suke Yi

Mai karatu zai iya zaton irin wannan wasa na mutanen ƙauye ne kawai. A gaskiya harbi yana cikin wasannin Olamfik tun daga na farko a 1896, kuma a wasu ƙasashe akwai gasa ta musamman ta tsofaffin bindigogin soja. A Ingila akwai filin Bisley, inda ƙungiyar maharban ƙasar ta koma a 1890, kuma har yanzu akan ware ranakun da masu sha'awa ke zuwa da Lee-Enfield da ire-irenta su gwada hannu. A Amurka akwai Camp Perry a Jihar Ohio, inda ake gasar ƙasa tun 1907, kuma a cikinta akwai rukunin bindigogin yaƙin duniya irin su M1 Garand. Yawancin masu zuwa ba kofi suke nema ba. Wani bindigar irin ta kakansa ce yake so ya ji nauyinta a kafaɗa, wani kuma tarihin ƙirarta ne ya dame shi. A Kanada ma, dakarun sa-kai da ke sintiri a yankin ƙanƙara na arewacin ƙasar sun riƙe Lee-Enfield tun daga 1947, sai wajen 2018 aka fara sauya musu ita.

Da na karanta dokokin irin waɗannan filaye, sai na ga kusan duk abin da Kaka yake tilastawa ne: kada a ɗura sai a kan layi, kada baki ya kalli mutum, kada a taka gaba sai alƙali ya ba da izini. Dukkansu daga makaranta ɗaya suka fito. Bambancin da ke akwai shi ne, su can hukuma ta san filin, ta san mai bindiga, kuma idan an tashi kowa ya kulle tasa ya kwanta ba tare da fargabar wanda zai buga masa ƙofa cikin dare ba.

A ƙasar Hausa ma bindiga tana da gurbinta a wajen biki. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Zariya ko Kano ko Katsina ya ga 'yan bindigar sarki suna tafe suna ɓarin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, mata suna guɗa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kamar yadda ta sa wasan dawaki da bindigogi na ƙasar Maroko a 2021. A kudancin Kaduna kuma maharba sukan fito da kayan aikinsu a bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu.

Yadda Gasar Ta Mutu

Gasar ƙarshe da aka yi a ƙauyenmu ita ce ta Janairun 2011. A watan Afrilun shekarar, rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ya ci rayuka masu yawa a Jihar Kaduna, musamman a wajajen Zonkwa da Kafanchan. Wutar ba ta iso mu ba, amma hayaƙinta ya iso. Da kaka ta zagayo, Sarkin Baka ya zo gaida Kaka, suka daɗe suna magana a zaure. Abin da suka tsayar shi ne, a irin wannan lokaci idan mutum 40 suka taru da bindigogi a bayan gari, kafin rana ta faɗi labari zai kai ƙauyen gaba cewa ana horar da mayaƙa, kuma babu wanda zai tsaya ya tambaya ko gwangwani ake harbi. Ban da haka, wasu daga cikin waɗanda suka saba zuwa sun fara ɗari-ɗari da juna. Aka ce a dakata sai ƙura ta lafa. Kaka ya rasu a 2013 ana nan ana jira.

Maimakon ƙura ta lafa, sai wata ta taso. Bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka ƙara bazuwa a yankin Sahel, masu satar shanu suka koma satar mutane, hanyar Abuja zuwa Kaduna wadda ta ratsa ta gefenmu ta zama abin tsoro. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasa hari a kusa da Katari, aka kashe wasu fasinjoji aka tafi da wasu da dama. Mutanen ƙauyuka irin namu kuwa, abin da ya same su ba duka ne ya shiga rediyo ba. Maharban da na sani suna harbin ƙwarya don zakara su ne suka koma 'yan sintiri, suna kwana a bakin gari da harba-ka-ruga, suna jiran masu AK-47 da ke cin harsashi 30. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa cin zakara a idona a wajen wannan gadi ya rasa ransa, ya bar mata da 'ya'ya. Yau idan bindiga ta tashi a ƙauyenmu, ko da ta mai korar birai daga gona ce, uwa goya ɗanta take yi ta nemi hanyar daji.

A nan ne darasin sauyin ma'ana ya zame mini abin da na gani da idona. Kuma idan za a faɗi gaskiya, wannan ba shi ne karo na farko da kalmar ta sauya ba. A ƙarni na 19, lokacin da Kagarko take ƙarƙashin Zazzau kuma ana kai hare-haren kamun bayi a kudancin ƙasar, 'yan bindiga ba abin kallo ba ne ga kakannin kakanninmu. Sai da aka yi shekaru da dama na zaman lafiya kafin kalmar ta huce, ta koma sunan masu ƙawata hawa da masu gasar ƙauye. Yanzu ta sake ɗaukar zafi, har sai mutum ya ƙara da "na sarki" ko "na gargajiya" kafin a fahimce shi. Ƙamus yana iya jera ma'anonin kalma, amma halin da masu magana suke ciki shi ke zaɓar wadda za ta fara zuwa zuciya.

Kammalawa

Ba kira nake yi a raba wa jama'a bindigogi ba, kuma ba na ganin ya dace a farfaɗo da wannan gasa a halin da ake ciki. Hukuncin da Kaka da Sarkin Baka suka yanke a 2011 daidai ne, har yau kuma dalilinsu yana nan. Idan Allah ya kawo zaman lafiya, ina fata a dawo da ita da sanin hukuma da sarakuna, a filin da kowa ya sani, domin na ga yadda ta koya wa samari jin tsoron makami, ta kuma zaunar da ƙabilu huɗu a inuwa ɗaya suna yi wa juna ba'a da Hausa.

Kafin wannan lokaci akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe. Mutanen Boma kusan duk sun tafi da Barikancinsu. Waɗanda suka yi Yaƙin Basasa sun haura shekara 70. Maharba da maƙeran da suka san sunan kowane sashe na bindigar gargajiya, da kirarin da ake yi wa gwani, da tsiyar da ake yi wa wanda ya kuskure, su ma suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma wasu kalmomin suke koyo. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan ya yi shekaru yana bin gari-gari yana tambaya, alhali ba shi da na'urar ɗaukar magana irin wadda kowannenmu yake da ita a aljihu. Ina roƙon duk wanda zai je gida hutu, musamman mu da muka fito daga wuraren da Hausa take harshe na biyu, ya nemi wani tsohon soja ko Sarkin Baka, ya kai masa goro, ya nemi izininsa, ya ɗauki hirarsa yadda ya faɗa ba tare da gyara masa jinsi ko karin sauti ba. Ni na fara da Baffa a hutun da ya wuce, kuma duk mai son mu haɗa abin da muka samo mu miƙa wa sashe, ƙofata a buɗe take.